Faris, Dubai, Santambul ko Kasablanka: ina za a fara kai yara daga Damagaram?

Yayata ta aiko a kira ni wata Juma'a bayan la'asar. Na tarar da ita a tsakar gida, yara uku sun kewaye ta suna leƙen hoton wani gini mai hasumiyoyi a waya. Ta ce, "Ƙanena, shekara biyu ke nan muna tari ni da maigida. Mun yi wa yaran nan alkawari in babbar ta ci jarrabawa za mu fitar da su waje su ga manyan wuraren wasan nan, ga shi Allah ya ba ta sa'a. Shi ya ce Dubai tunda ya san hanya, su sun ce Disney, ni kuma kaina ya ɗaure." Babbar shekararta 11, mai bi mata 7, autan 4.

Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan, domin na san ba gidansu kaɗai ake wannan shawara ba. Wurare huɗu na ɗora a sikeli: Disneyland na Faris, wuraren wasan Dubai da Abu Dabi, Santambul, da Kasablanka. Orlando ta Amurka, inda Walt Disney World yake tun 1971, na cire ta tun farko. Nisa da tsaurin biza ga ƴan Nijar sun sa ba wurin fara tafiya ba ce.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, ƙofar shiga. Wanda ke zaune a Zango ko Birni yana kallon bidiyon lilo zai ga kamar wurin wasan ne abin zaɓe, alhali biza ce ke fara zaɓar mutum. Duk kyawun wuri, in ba a ba ka izinin shiga ƙasar ba, zance ya ƙare. Kowane yaro yana buƙatar fasfo nasa, a haɗa da takardar haihuwa da katin allurar shawara. In uwa ce za ta tafi da yara ba tare da uba ba, ta riƙe takardar izininsa mai hatimin hukuma.

Na biyu, hanya. Mu tafiyarmu ba daga filin jirgi take farawa ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Yini guda cur a mota, da yaro ɗan shekara 4 a cinya. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kimanin kilomita 240 ta Matamaye da Ɗan Barto zuwa Daura, amma akwai tsallaka iyaka, kuma ba mu manta da rufewar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 ba. Ko ta ina aka bi, a ƙara kwana ɗaya a gaba da kwana ɗaya a baya, da kuɗin masauki.

Na uku, kuɗi. Na huɗu, ƙarko, wato kwana nawa wurin zai riƙe yara kafin su fara cewa a koma ɗaki. Na biyar, sauƙin salla da abinci da sutura da harshe. Na shida, yanayi a lokacin da makarantu suke hutu, da kuma irin hatsarin da ke iya cinye kuɗin mutum.

Akwai ma'auni na bakwai da iyaye ba su cika sani ba sai sun isa bakin layi: tsawon yaro. A waɗannan wurare ba a tambayar shekaru a ƙofar lilo, sanda ake jingina yaro da ita. In bai kai ba, ba ya hawa, ko da ya yi kuka, ko da an biya masa cikakken tikiti. Don haka na ce wa Yaya ta ɗauko tef ɗin tela ta auna su ukun tun a gida, ta rubuta a takarda. Wannan awon yana iya sauya shawara gaba ɗaya.

Disneyland na Faris

Shi ne wanda yara suke gani a mafarki. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Faris, aka ƙara fili na biyu kusa da shi a 2002. Jirgin ƙasa na RER A yana sauke mutum a bakin ƙofa. Wajen ƙawa da tsari da faretin ƴan wasa da wasan wuta na dare, babu na biyunsa a cikin huɗun nan. Ƙaramin yaro ma yana da abin hawa da yawa, kuma yaranmu da suka yi karatu da Faransanci za su ji komai su karanta kowane allo. Yana riƙe iyali kwana biyu zuwa uku ba gundura.

Amma ƙofarsa ita ce mafi nauyi. Air France ya daina sauka Yamai tun Agustan 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a Janairun 2024. Ke nan neman biza ya zama wata tafiya ta daban kafin tafiyar kanta. Kuɗin bizar Shengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, tun Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. A gidan Yaya Yuro 270 ke nan, kuma tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kusan jika 177, wato sefa dubu 177. In aka hana, kuɗin sun tafi. Ga inshorar lafiya da dole ta rufe aƙalla Yuro 30,000, ga takardun banki da shaidar masauki.

Tikitin shiga farashinsa yana bin kalanda: ranar da ba cunkoso ya sauka, lokacin hutu ya haura Yuro 100 ga babba. Wanda bai kai shekara 3 ba ba a biya masa, daga 12 kuma farashin manya ne. In aka ƙaddara Yuro 100 kowane kai, mutum biyar, kwana biyu, an doshi jika 656, ba a ci abinci ba, ba a kwana ba. Otal a yankin yana da tsada, ɗakuna ƙanana, iyali mai mutum biyar sau da yawa sai ɗaki biyu.

Awon tsawo a nan: Big Thunder Mountain mita 1.02, Hyperspace Mountain mita 1.20, lilon Indiana Jones mita 1.40. Abincin halal a cikin filin ba shi da yawa, sai a jingina da kifi da kayan lambu ko a ci a waje. Salla sai mutum ya nemo wa kansa lungu ya tsara lokaci. A hutun Disamba sanyin Faris ba irin hunturunmu ba ne, akwai ruwan sama, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Tsayuwa awa guda a layi cikin wannan sanyi yana karya yaro. Yuli da Agusta sun fi daɗi, su ne kuma lokacin da Turai gaba ɗaya take hutu.

Dubai da Abu Dabi

A nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan mutanenmu suke karkata, nan ne kuma aka fi yin kuskuren lissafi.

Ba wuri ɗaya ba ne, gungu ne. A Jabal Ali akwai Dubai Parks and Resorts da aka buɗe a 2016, cikinsa Motiongate da Legoland da filin ruwansa, sai Real Madrid World da ya zo a 2024. Legoland an gina shi ne don yara daga shekara 2 zuwa 12, wato daidai gidan Yaya. Akwai IMG Worlds of Adventure, shi ma na 2016, gaba ɗayansa a rufe cikin sanyin na'ura. A tsibirin Yas na Abu Dabi kuma akwai Ferrari World tun 2010, inda lilon Formula Rossa yake gudun kilomita 240 a awa, da Yas Waterworld, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023. Wajen ƙarko babu mai kama ƙafarsu: mako guda ba ya isa a gama.

Sauƙin rayuwa ga musulmi shi ne babban abin da ya ɗaga su. Masallatai na maza da na mata a cikin filayen wasa, wurin alwala, abinci halal ba sai an yi ta tambaya ba. Mace da hijabinta ba wanda zai kalle ta sau biyu. Yas Waterworld yana ware lokuta na mata zalla, abin da zai sa uwa da ƴaƴanta mata su shiga ruwa hankali kwance. Abu ɗaya da Hajiya za ta kiyaye: a manyan lilo ana so a tattare doguwar riga a ɗaure gyale sosai, saboda iska da ƙarafa.

To ina kuskuren? Maigidan Yaya ya san Dubai ta fatauci: ya sauka Deira, unguwar kasuwanni, ya kwana ɗakin da aka saba, ya yi sari, ya auna kaya, ya dawo. Dubai ta yara wata ce daban. Daga Deira zuwa Jabal Ali kusan awa guda ne a mota, zuwa Yas fiye da haka. Tasi ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyar sai an nemi babba. Wanda ya ce zai haɗa sari da yawon yara a kwana biyar, ɗaya zai ci ɗaya, kuma yawanci yaran ne ke zama a ɗaki suna jira. In za a haɗa, a raba kwanakin tun daga gida: waɗannan na kasuwa, waɗannan waya ma a aljihu.

Tikitin yini ɗaya a manyan filayen yana tsakanin dirhami 300 da 400 a ƙofa, wato wajen jika 50 zuwa 60 kowane kai. Mutum biyar, an haura jika 250 a yini. Tikitin da ya haɗa filaye biyu ko uku na Yas yana rage nauyin sosai, wasu otal-otal na tsibirin ma suna haɗa kwana da shiga. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, don haka in dala ta hau kan Yuro, mai sefa ne ke ji a jika.

Babu jirgi kai tsaye. Daga Yamai ana bi ta Adis Ababa ko Santambul, daga Kano ta Adis Ababa ko Alƙahira. A duba tsawon jiran canjin jirgi kafin a duba farashi. Awa tara a kan benci da yara uku ba arha ba ce. Biza ta hannun kamfanin jirgi ko otal ko masu shirya tafiya ake samun ta, kuma sharuɗɗanta suna sauyawa. Kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito, kuma kada a miƙa fasfon iyali da kuɗi ga dillalin da ba shi da ofis da rasit.

Sai zafi. Wani zai ce ɗan Damagaram da ya sha Afrilu da Mayu me zai ji? Zafinmu busasshe ne. Na Dubai a Yuli da Agusta ya haura digiri 40 ga kuma gumi mai danƙo daga teku, kuma daidai lokacin ne babban hutun makarantunmu. In dole sai a wannan lokaci, a tsaya ga na cikin rufi: IMG, Warner Bros., SeaWorld. Legoland da Motiongate sun fi daɗi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin ne kuma Global Village, filin baje kolin ƙasashe da wasanni, yake buɗe. Ke nan ɗan gajeren hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa da Dubai, sai dai otal yana tsada a makon. A kuma sa ido kan labaran yankin, domin in rikici ya taso ana rufe sararin sama a soke jirage.

Santambul

Turkish Airlines yana sauka Yamai, Turkiyya kuma tana da ofishin jakadanci a can, don haka biza da jirgi duk a gari ɗaya ake nema. Wurin wasan birnin shi ne Vialand, da aka buɗe a 2013 a gundumar Eyüp, haɗe da kasuwar zamani. Yini ɗaya ya ishe shi. Ba a kwatanta shi da Disney ko Yas. Wanda ke son babba sai ya ƙara ɗan gajeren jirgi zuwa Antaliya, inda The Land of Legends yake a Belek tun 2016, da lilo da filin ruwa da otal a wuri guda, amma wannan ƙarin kuɗi ne na gaske.

Ƙarfin Santambul birnin ne da kansa. A gundumar da Vialand yake akwai masallacin Eyüp Sultan da kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda. Yaro ya hau lilo da safe, la'asar ya yi ziyara, washegari ya hau jirgin ruwa ya tsallaka daga Turai zuwa Asiya da kuɗi kaɗan. Ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, wannan tsallakawa ba ƙaramin abu ba ce. Abinci da salla ba matsala. Harshe ne cikas, Faransanci ba ya aiki sosai. Farashi yana tashi da sauri saboda faɗuwar lira, kuɗin Turkiyya, don haka lissafin wanda ya je bara ba abin dogaro ba ne. Lokacin da ya dace Yuni zuwa Satumba; hunturunsu sanyi ne da ruwa.

Kasablanka

Da na ambaci wannan, babbar ƴar ta turɓune fuska, kuma na fahimce ta. Sindibad, wurin wasan da ke Ain Diab kusa da teku, ƙarami ne in aka ajiye shi gefen sauran: lilo iri-iri, da ɗan gidan namun daji. Yini ɗaya ne.

Amma a duba sauran ma'aunan. Nijar tana cikin ƙasashen da suka daɗe suna shiga Maroko ba biza don gajeren zama. Abin da ake tambaya kafin tafiya shi ne ko ana buƙatar izinin intanet a lokacin, domin akan sa shi wasu lokuta. Royal Air Maroc yana tashi daga Yamai kai tsaye, tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba. Faransanci da Larabci suna aiki ko'ina. Dirhamin Maroko kusan sefa 60 ne, kuɗin shiga Sindibad kuma ɗan kaɗan ne a kan na Dubai. A Yuli da Agusta iskar teku tana sa garin ya yi daɗi, daidai babban hutunmu. Ga masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan ruwa. Ga Morocco Mall da katon tankin kifayensa, ga taragon cikin gari da ke kaiwa har bakin teku, ga jirgin ƙasa mai gudu Al Boraq zuwa Tanja. Hatsarin da za a kiyaye shi ne tekun kansa: igiyarsa tana da ƙarfi, yaranmu kuma ba su iya ruwa ba. A riƙe hannunsu.

| Ma'auni | Faris | Dubai da Abu Dabi | Santambul | Kasablanka |
|---|---|---|---|---|
| Biza | Mafi wuya | Ta hannun kamfani, tana sauyawa | Ofishin jakadanci a Yamai | Mafi sauƙi |
| Jirgi | Da canji | Da canji | Daga Yamai | Kai tsaye daga Yamai |
| Tsada | Sosai | Sosai | Tsaka-tsaki | Mafi sauƙi |
| Ƙarkon wasa | Kwana 2 zuwa 3 | Mako guda | Yini 1, sai an ƙara Antaliya | Yini 1 |
| Salla da halal | Sai an nema | Ko'ina | Ko'ina | Ko'ina |
| Harshe | Faransanci | Larabci, Turanci | Turkanci | Faransanci, Larabci |
| Lokaci mai kyau | Mayu zuwa Satumba | Nuwamba zuwa Maris | Yuni zuwa Satumba | Afrilu zuwa Oktoba |
| Babban hatsari | Hana biza | Zafi, kuɗin mota, soke jirgi | Hauhawar farashi | Igiyar teku |

Abu ɗaya ba ya cikin jadawalin, kuma ya fi wasu da ke ciki nauyi. Mai mata biyu ko uku ya zauna ya warware wa za a tafi da shi kafin yara su ji labari. Tafiyar kwana bakwai tana iya barin ɓacin ran shekara bakwai a tsakanin ƴan uba. In kuɗin ba za su ɗauki kowa zuwa Dubai ba amma za su ɗauki kowa zuwa Kasablanka, ni a ganina an samu amsa. In kuma bi-da-bi za a yi, a faɗi tsarin a gaban kowa.

Wa ya dace da ina

Iyalin da bai taɓa hawa jirgi ba, yaransa ƙasa da shekara 8, kuma babban hutu kaɗai yake da shi: Kasablanka. Yaron da bai kai mita 1.20 ba, manyan lilon da ake biyan jika 55 dominsu ba zai hau su ba. Teku da jirgin ƙasa da lilo matsakaici sun cika masa ido. Iyaye kuma su koyi yadda ake tafiya da yara a inda kuskure ba ya da tsada.

Wanda yaransa suka tasa, suka haura mita 1.30, yana da halin kashe kuɗi, kuma zai iya tafiya a Disamba: Dubai da Abu Dabi, a kwana kusa da filayen wasa ba a Deira ba. Haka ma gidan da ƴanmata suka fi yawa kuma ake son sutura da natsuwa.

Wanda yake son yara su haɗa wasa da tarihi da ziyara, ko zai tafi da kaka a cikin ayari: Santambul, kwana biyar ko shida, yini ɗaya a Vialand.

Faris kuwa sai ga wanda ya riga yana da bizar Shengen mai rai, ko yana da takardar zama ko ƴan uwa na jini a can da za su tsaya masa. Wanda ba shi da ko ɗaya kada ya yi wa yaro alkawarin Disney da rana da wata.

Yaya ta auna su a daren: babbar mita 1.42, na tsakiya 1.19, autan saura kaɗan ya kai mita ɗaya. Na ce mata, "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara da fasfon yaran a wannan watan. Bana Kasablanka a Agusta, abin da ya rage a mayar da shi asusu. Nan da shekara biyu na tsakiyan ya wuce sanda, autan ya isa Legoland da ƙafarsa, sai a nufi Dubai a Disamba."